Tawada a Kan Fensir

Duk wanda ya taɓa karatu a sashen falsafa na jami'ar nan ya san ofishin ƙarshe a bene na biyu, wanda sai ka wuce ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru kafin ka kai gare shi. Nan Malam Mai Kati ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da tsohon Girkanci. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya kuma bi shi har shugaban sashe kan yi suɓutar baki ya kira shi da shi a tsakiyar taro. Taga ɗaya ce a ɗakin, sai tebur, da kujeru biyu, da butar shayi mai murfin da ba nata ba. Sauran filin wata doguwar durowar katako ce ta cinye shi, mai aljihu goma sha takwas, kowanne maƙare da katuna masu girman tafin hannu.

Ɗan mai gyaran agogo ne. Ya tashi yana kallon mahaifinsa yana shimfiɗa farin hankici a kan tebur, yana jera ƙananan kusoshi yadda ya kwance su, don ya mayar da kowace inda ya same ta. Tsohon ba mai yawan magana ba ne, amma ranar da yaro ya taɓa hankicin nan sai maƙwabta sun ji. A wurinsa Malam ya gaji tsoron ajiye abu inda ba muhallinsa ba, ya gaji ƙaramin rubutu da sunkuyar da kai. Girkanci kuwa tsautsayi ne ya haɗa su. Ya zo jami'a da niyyar karanta shari'a, ya makara ranar rajista, ya tarar ko'ina ya cika sai wani aji mai mutum uku da wani tsoho mai ji da kunne ɗaya yake koyarwa. Ya shiga da nufin ya lallaɓa zango ɗaya ya gudu. Sauran ukun ne suka gudu suka bar shi.

Wannan tsohon ne ya koya masa aikin kati. Gaban kati na Girkanci ne, yadda aka same shi a littafi, ko da kuskure a ciki a bar shi da kuskurensa. Bayan kati na fassara ne. Doka ta uku ita ce babba: maganar wanda ya mutu a rubuta ta da baƙar tawada, taka maganar kuwa da fensir. "Su sun gama magana," in ji tsohon, "kai kuwa gobe ma sai ka canza ra'ayi." Malam ya riƙe wannan doka fiye da wanda ya kafa ta. Duk shekara a mako na huɗu akwai laccar da yake yi wa sababbin ɗalibai a kan masu kwafar littattafai na zamanin da, waɗanda za su ga wani mai karatu ya yi ɗan rubutunsa a gefen shafi, su kwashe su cusa cikin maganar marubuci, a wayi gari ba a san ta wane ce ta wane ba. Masu ƙaiƙayin hannu yake ce musu. In ya zo kansu har jijiyar wuyansa takan tashi, sai ka rantse jiya suka ɓata masa rai.

Bai zama farfesa ba, bai ma kusa ba. Maƙala uku ya taɓa bugawa, gajeru, ɗaya ma gyaran lambar shafi ce a aikin wani. Ya auri malamar firamare, suka haifi huɗu, ba wanda ya ɗauki Girkanci ko da wasa, babbar ma cewa take Baba ya koyi harshen da ba shi da wanda zai gaisar da shi. Abu ɗaya yake da shi, ya kuma san yana da shi: in Malam Mai Kati ya ce ga abin da ke rubuce a shafi kaza, to an gama. Daga jami'o'i masu nisa ake aiko masa da wasiƙa a ce ya duba layi ɗaya. Ba ya fariya da baki, amma wasiƙun suna nan a aljihu na goma sha takwas, a jere bisa kwanan wata.

Yawancin katunan a kan mutum ɗaya suke, wani mai tunani da ya rayu shekara dubu biyu da ɗoriya da suka wuce, wanda littattafansa duka suka salwanta. Abin da ya rage nasa guntattaki ne a cikin littattafan wasu, galibi ma waɗanda suka ambace shi don su ƙaryata shi. A sashen Dattijo ake ce masa, kamar shi ma yana da ofis a barandar.

Shekara tara da suka wuce aka kawo Dakta sashen, mace mai kaifin kai da saurin tafiya, wadda ko gaisuwa ka yi mata tana iya tambayarka me kake nufi. Ta taɓa yin Girkanci na zango ɗaya tun tana ɗaliba, ba abin da ya rage mata sai haruffa. A makonta na farko ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙarshe.

"Malam, an ce kai ne mai katuna. Ni ina da tambayoyi a kan Dattijo, ba ni da harshensa. Kai kuma kana da harshen..."

"Ba ni da tambayoyi," Malam ya ƙarasa mata.

Suka yi dariya, aka ɗora ruwan shayi. Tun daga ranar kowace Laraba ƙarfe huɗu tana kan kujera ta biyu. Shi ya zaro kati ya miƙa, ita ta juya baya ta karanta fassara, ta fara musu da Dattijo, da Malam, da kanta. Ba ta taɓa duba gaban kati ba, ba ta ga dalili ba. Shi ma bai taɓa sa mata baki a sharhi ba. Aiki ya yi kyau, sunayensu biyu suka fara fitowa tare, nata a gaba, shi kuwa hakan ya fi masa daɗi.

A shekararsu ta shida ya miƙa mata kati mai lamba ɗari huɗu da goma sha biyu. A bayansa da baƙar tawada an rubuta: "Wanda ya san abu shi kaɗai bai gama saninsa ba, sai ranar da ya faɗa wa wani, wanin ya musa masa." Dakta ta karanta, ta sake karantawa, shayinta ya huce. An daɗe ana ɗaukar Dattijo mutum ne mai gudun jama'a, mai cewa gaskiya sai a kaɗaici ake samunta. Ga shi nan da bakinsa yana cewa sani aikin mutum biyu ne. Ta roƙi Malam ya ara mata katin, ta kai ofishinta ta sa shi ƙarƙashin gilashin teburinta, bayansa yana sama. Shekara uku ta yi tana gina littafi a kan wannan jimla. Malam ma yana son jimlar, ya daɗe yana karanta wa ɗalibai ita da ka, yana lumshe ido, yana cewa ku ji yadda mutanen da suke magana.

Da littafi ya kammala, jami'a ta sa ranar da Dakta za ta gabatar da shi a babban ɗakin taro, aka gayyato masana daga waje. Madaba'a ta ce tana son jimlar da Girkancinta a shafin farko. Dakta ta ɗaga gilashi ta zaro katin, ta kawo wa Malam da kanta, ta ce ya rubuta musu da kyakkyawan hannun nan nasa, ta fita da saurinta.

Malam ya gyara tabarau, ya juya katin. Kalma biyar ya gani.

Ya ƙirga da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Biyar dai. Ma'anarsu: wanda ya san abu shi kaɗai. Daga nan sai ɗigo uku, alamar da yake yi in rubutu ya yanke. Ya ce a ransa ƙila sauran yana kan kati na gaba, ya zaro na gaba da na baya, ya zazzage aljihun duka a kan tebur, babu. Sai ya ɗauki katin ya je bakin taga, ya juya bayansa inda fassara take, ya karkata shi ga haske. A ƙarƙashin tawadar ga sheƙin fensir nan yana bin kowane harafi. A tsakiyar jimlar kuma, daidai bayan kalmar kaɗai, ga gurbin wata 'yar ƙaramar da'ira da aka goge, irin wadda yake yi in zai fara tasa maganar. Ya laluba kujera ya zauna.

Nan take komai ya dawo masa. Shekara goma sha tara baya an tura shi wata uku zuwa wani babban laburare a wata ƙasa mai sanyi, ya kwafo abin da ya shafi Dattijo daga wani tsohon littafin rubutun hannu da ba kowa ke neman sa ba. A ɗakin da ake ajiye irin waɗannan littattafai ba a shiga da alƙalami, a ƙofa ake karɓewa, fensir kaɗai aka yarda da shi. Don haka duk katunan can da fensir ya rubuta su, maganar Dattijo da tasa, da niyyar in ya dawo gida ya bi ta Dattijo da tawada. Kalmomin nan biyar a gindin shafi suke, ganyen da ke biye kuma ya ɓata tun kafin a haifi kakan kakansa. Ya tuna ya zauna yana kallon gurbin, abin yana cinsa, har ya yi 'yar da'irarsa ya rubuta yadda yake jin maganar za ta ƙare. Da ya dawo, kwana huɗu ya yi yana bin katuna ɗari shida da tawada a falo, 'yan sannu da zuwa suna shiga suna fita, autarsu tana hawa masa cinya. A kati ɗaya hannunsa bai tsaya inda ya kamata ba. Da ya gama ya bi duka da abin goge fensir, tsaf, yadda aka koya masa.

Duk da haka ya rubuta wa laburaren ya roƙi hoton shafin, don mutum ba ya rasa abin da zai rataya zuciyarsa a kai. Kwana biyu hoton ya iso a kwamfuta. Kalma biyar, sai gefen takarda da danshi ya ci. Ranar saura kwana goma sha ɗaya a yi taro.

Abin yi a fili yake, ko ɗan sakandare ya san shi: ka tashi ka taka ƙofa shida ka ƙwanƙwasa ta Dakta. Malam ya tashi kuwa, da katin a aljihun rigarsa. Dakta ta tarbe shi da murna, ta zuba masa shayi, ta ce dama tana son nuna masa wani abu kafin kowa ya gani. Ta juyo masa da takarda. Shafin sadaukarwa ne: ga Malam, wanda bai taɓa ƙara wa matacce ko harafi ɗaya ba. Ya karanta, ya kau da kai yana goge ido. Ta ɗauka kunyar yabo ce, har tana zolayarsa wai ashe Malam ma yana da hawaye. Ya shanye shayin, ya yi godiya, ya fito da katinsa a aljihu.

Ya ce gobe. Gobe ta zo Dakta tana da baƙi. Jibi ya gan ta a baranda tana dariya da ɗalibai, ya ce ba yanzu ba, kada ya ɓata mata rana. Ranar Laraba ya aika mata cewa mura ta kama shi, abin da bai taɓa yi ba a shekara tara, ta aiko masa da lemo da zuma. Ya zauna a gida yana kallon lemon, ya kasa taɓawa.

Matarsa ce ta ritsa shi. Shekara talatin tana gane yaron da bai yi aikin gida ba tun daga yadda ya shigo aji, ba mijinta ne zai gagare ta ba. Da la'asar tana ninke wanki a tsakar gida, yana zaune ya sa littafi a gaba bai juya shafi ba, ta ce, "Malam, wai wa ya mutu ne ba a faɗa min ba?"

Ya kwashe duka ya faɗa mata, yana kallon ƙasa.

Ta ajiye zanen da ke hannunta. "To ai kuskure ne. Ka je ka faɗa mata mana."

"Ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Ka yi kuskure shekara goma sha tara da suka wuce, wannan ya wuce. Wanda kake yi tun ranar Litinin shi ne ban san sunansa ba."

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kin san shekara uku ke nan masana suna yabon jimlar nan? Wani ya rubuto ya ce a duk abin da ya rage na Dattijo ba wadda ta kai ta. Ni fa na rubuta ta. Ni da ban taɓa faɗar abin da wani ya maimaita ba."

"Allah sarki," ta ce, ba da gatse ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. "To in ka faɗa ai an san taka ce."

"In na faɗa ba wanda zai ƙara kallonta. Don ta Dattijo ce ake sonta."

"Yarinyar nan fa za ta tsaya gaban mutane, Malam. Ita ce za ta tsaya, ba jimlarka ba."

Ya yi mata alkawari zai je da safe. Bai je ba.

Abin da ya yi a maimakon haka shi ne abin da har yau in ya tuna sai ya runtse ido. Saura kwana huɗu, da rana tsaka, ya kulle ƙofar ofis, ya zaro sabon kati, ya ce bari dai ya ga yadda jimlar za ta kasance da a ce Dattijo ne ya ƙarasa ta. Gani kawai zai yi. Wa ya fi shi sanin bakin Dattijo, kalmomin da yake so, inda yake ajiye aikatau, inda yake jan numfashi? Cikin awa ɗaya ta fito, kalma goma sha huɗu a bayan biyar ɗin, sumul, ba ɗinki ba tabo. Ya karanta a fili. Mutum nawa ne a duniya suka taɓa buɗe wancan littafin? Ya duba hannunsa sai ya ga alƙalamin tawada ne a ciki, bai ma san lokacin da ya ɗauka ba. Ya ji ƙyamar kansa. Amma bai yaga katin ba. Ya ninke shi ya sa a aljihu ɗaya da na gaskiyar, madaba'a kuma ya ce musu su ƙara masa mako guda.

Ranar taro ɗaki ya cika. Aka zaunar da Malam a layin gaba, cikin rigar da matarsa ta goge masa ba tare da ta ce masa uffan ba. Dakta ta hau mumbari ta yi minti hamsin tana magana ba ta duba takarda ba. Ta nuna yadda aka yi wa Dattijo mummunar fahimta shekaru aru-aru, ta kawo jimlar, aka haska ta a bango da manyan haruffa, ta warware ta kalma-kalma. Ta yi kyau ƙwarai, wannan ne abin takaicin. Ta ƙare da cewa duk wannan gini a kan kafaɗar mutum ɗaya yake, ta nuna shi da hannu, aka juyo ana tafi. Malam ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige ya ja ta ya rufe.

Aka buɗe fagen tambaya. Mutum na uku wani baƙo ne mai farin gashi da sanyin murya, daga cikin waɗanda aka gayyato. Ya yaba, ya ce shi ma ya taɓa riƙe wancan littafin yana saurayi, amma tsufa ya sa ƙwaƙwalwa ba ta da tabbas, yana ji kamar shafin bai kai haka ba. Ko za a taimaka masa ya ji jimlar da harshenta?

Dakta ta yi murmushi, ko ɗar ba ta ji ba. "Wannan ai mai sauƙi ne, ga mai ita nan. Malam, bismillah."

Aka miƙo masa abin magana. Ya miƙe, ya sa hannu a aljihu, yatsunsa suka taɓa katuna biyu, ɗaya a ninke ɗaya a miƙe. Zai so a ce bai yi jinkiri ba, amma ya yi, har mutanen kusa suka ɗauka tabarau yake nema. Ya zaro miƙaƙƙen. Ya karanta kalma biyar da muryar da ba ta yi kama da tasa ba, ya tsaya.

Aka zuba masa ido ana jiran sauran.

"Ci gaba, Malam," in ji Dakta.

"Nan ya tsaya, Dakta." Ya ɗaga katin. "Dattijo nan ya tsaya. Sauran nawa ne. Da fensir na rubuta, na bi shi da tawada bisa kuskure. Baƙonmu ya tuna daidai."

Wani ɗalibi a baya ya yi 'yar dariya, ya ɗauka wasa ne, ya ga ba wanda ya taya shi ya haɗiye ta. Jimlar tana nan a bango, ba wanda ya tuna ya kashe na'urar. Malam bai ɗaga kai ba, takalman Dakta kawai yake gani a gefen mumbari, ba su motsa ba. Sai ya ji muryarta, a daidaice, tana gode wa baƙon, tana cewa ke nan babi huɗu daga cikin bakwai sun faɗi, za ta janye littafin daga madaba'a, tana ba kowa haƙurin ɓata masa lokaci. Ba ta ambaci sunan Malam ba. Shugaban taro ya yi ta kame-kame ya rufe zama, mutane suka fita suna kauce wa layin gaba.

Washegari ya taka ƙofa shidan nan. Tana zaune, teburin fayau, ta nuna masa kujera. Ba ta ɗora shayi ba. Ya fara bayanin ɗakin da ba a shiga da alƙalami, da katuna ɗari shida, ta saurara har ya gama.

"Wannan na gane," ta ce. "Hannu ne, kowa yana da shi. Ni ma shekara uku kati yana gabana ban juya shi ba, wannan laifina ne. Abu ɗaya nake son sani. Yaushe ka gano?"

Ƙarya tana nan kusa, a shirye: jiya, a ɗakin taro, da na zaro katin. Ba mai iya ƙaryata shi.

"Kwana goma sha huɗu yau."

Ya ga tana lissafi, idonta a kan kalandar bango. Ya ga lokacin da ta iso ranar shayi, da ranar mura.

"Da ka faɗa min a ranar," ta ce a hankali, "da mun zauna mun yi baƙin ciki tare, in dage taro, in sake rubutu. Wataƙila ma wata rana in ba da labarin a aji muna dariya. Amma ka zauna a layin gaba, Malam, kana kallona ina hawa."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro ninkakken katin ya ajiye mata, don ya ga in bai nuna shi yanzu ba zai mutu da shi. Ta buɗe, ta ga Girkanci layi uku da sabuwar tawada. Ba ta iya karantawa ba, amma ta iya ƙirga, ta kuma gane. Ta ninke shi yadda yake ta tura masa.

"Na gode da ba ka karanta wannan ba," ta ce. "Ka ja min ƙofar in ka fita."

Ba a kore shi ba, ba a ma kira shi gaban kwamiti ba. Dakta ta rubuta gajeren bayani ga mujallun da suka taɓa buga jimlar, ta sa sunayensu biyu a ƙasa, ta aiko masa ya sa hannu. Wasiƙun nesa suka ragu, sannan suka ɗauke. Laraba ta zo ta wuce, ya ɗora ruwa ƙarfe huɗu saura kwata bisa sabo, ya sauke. In sun haɗu a baranda tana gaishe shi da ladabi, ta tambayi mutanen gida, ta wuce. Shi kuwa ya shiga bin katunan can ɗari shida ɗaya bayan ɗaya a bakin taga. Bai sami wani kuskuren ba, bai kuma sami wanda zai faɗa wa ba.

Da sabon zango ya kama, ya shiga ajin masu fara Girkanci da allinsa da rajista, ɗan ƙaramin ɗaki a ƙasan bene mai fanka ɗaya. Ɗalibai bakwai aka rubuta masa. Ya ƙirga kawuna ya ga takwas. A layin baya, kusa da bango, Dakta ce zaune da sabon littafin rubutu mai layi, tsakanin yara biyu da ta haife su a shekaru, ta ɗora jakarta a cinya.

Ya matsa kusa, ya rage murya. "Dakta, in wani layi ne kike so a duba miki, ai sai ki aiko."

"A'a, Malam. So nake in riƙa dubawa da kaina."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta buɗe littafinta ta rubuta kwanan wata a sama, ta ɗago tana jira kamar kowa. Malam ya koma gaban allo. Ya san zai koya mata da iyakar abin da ya sani, ba zai rage komai ba, ya san kuma cikin shekara biyu ba za ta ƙara buƙatar ta yarda da maganarsa ba. Allin ya karye a harafin farko. Ya sunkuya ya ɗauki guntun, ya ce su buɗe shafi na ɗaya.